Bene Ɗaya, Ƙofa Ɗaya: Gidajen da Ke Haɗa Mai Hali da Mai Ƙaramin Ƙarfi

Duk wanda ya san Bauchi shekara ashirin da suka wuce ya ga yadda garin ya miƙe. Ko hanyar Jos ka bi, ko ta Ningi, ko ta Gombe, ko ta Dass, gonakin da aka sani sun koma fulotai, fulotan kuma sun koma unguwanni. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Bauchi sun kusa rabin miliyan, kuma tun daga lokacin ƙaruwa kawai ake yi. Fili a tsakiyar gari ya fi ƙarfin ma'aikaci, kuɗin haya kuwa duk shekara sai ya hau. Wanda bai da ƙarfi sai ya yi ta ja da baya zuwa gefen gari, inda babu famfo, babu kwalta, makaranta da asibiti kuma sai an yi tafiya. Garin da ke cikin wannan hali ba makawa wata rana ya fara gini sama. Tambayar da ya kamata mu yi tun yanzu ita ce, idan benayen suka tashi, wa zai zauna a cikinsu?

Akwai wani tsarin gini da birane da dama suka rungume, wanda za mu iya kira benen haɗaka. Gini ne guda, ko rukunin benaye a harabar guda, da aka raba shi fulat-fulat, wato sashe-sashe na iyali guda, aka kuma kasa sassan gida uku. Kashi na farko gidajen kasuwa ne: ana sayar da su ko a ba da su haya a kan farashin gari, mai kuɗi ya biya ya shiga. Kashi na biyu gidajen rangwame ne, waɗanda aka rage wa farashi domin mai albashi ko mai sana'ar da ke samu daidai gwargwado, kamar malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, tela, direba. Kashi na uku gidajen tallafi ne. Su ba a sayar da su. Suna hannun gwamnati ko wata ƙungiyar jin ƙai ko wakafi, ana ba da su haya mai sauƙi ƙwarai ga waɗanda ko rangwamen ya fi ƙarfinsu: matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, naƙasasshe, tsohon da fanshonsa bai taka kara ya karya ba.

Kalmar rangwame tana bukatar ma'auni, don kada kowa ya kira gidansa mai araha. Ma'aunin da masana harkar gidaje suka fi amfani da shi shi ne kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. Mu gwada shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kashi 30 nasa naira 21,000 ne a wata, wato 252,000 a shekara. Kowa ya tambayi dillalin unguwarsu irin gidan da wannan kuɗi zai kama a Bauchi yau, kuma a wace unguwa. A nan ne za a gane girman matsalar, balle a ce mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, shi kuwa ma'aikaci wata-wata ake biyansa.

To wa ke biyan rangwamen? Mu ɗauki misali kawai, don a fahimta. A ce za a gina bene mai fulat 24. Sai a sayar da 12 a farashin kasuwa, 8 a ba da su da rangwame, 4 su zama na tallafi. Ribar da aka samu a kan 12 na farko ita ke cike wani ɓangare na giɓin sauran. Amma riba kaɗai ba ta isa. Dole gwamnati ta sa hannu, kuma abin da ya fi sauƙi ta sa shi ne ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka. Saboda haka gwamnati na iya ce wa mai son gini: ga fili a wuri mai kyau, ga hanya, ga bututun ruwa, mun sauƙaƙa maka kuɗin takardu, kai kuma sharaɗinka ka ware kaso kaza na rangwame da na tallafi. Idan aka cire kuɗin fili daga lissafi, an sauke babban nauyi daga kan kowane fulat.

Zaman mai hali da marar hali wuri guda ba baƙon abu ba ne gare mu. Cikin ganuwar da aka kewaye garin da ita tun zamanin Malam Yakubu, wanda ya kafa Bauchi wajen 1809, haka ake zaune. Daga Ƙofar Wunti zuwa Ƙofar Ran, daga Jahun zuwa Nassarawa, gidan attajiri katanga ɗaya ne da na maƙeri ko mai sayar da itace. Masallaci ɗaya suke shiga, mai unguwa ɗaya ke sasanta su, 'ya'yansu makarantar allo ɗaya. Ba a ce babu bambanci ba, akwai shi, ana ganinsa a girman zaure da yawan baƙi. Sai dai idan tukunya ba ta hau murhu ba a wani gida, maƙwabci yakan sani kafin dare ya yi.

Rarraba unguwanni bisa muƙami da aljihu daga baya ya zo. Turawan mulki sun keɓe wa kansu unguwar GRA nesa da jama'a, manyan ma'aikata suka gaje ta bayan 'yancin kai. Da Bauchi ta zama hedikwatar jiha a 1976, bukatar gidajen ma'aikata ta taso gadan-gadan, sai aka shiga gina rukunin gidaje. Gwamnatin Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, ta ɗauki alkawarin gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Abin da aka gina bai kai ko kusa da alkawarin ba, kuma a jihohi da yawa an kai gidajen can bayan gari inda suka daɗe babu kowa. A Bauchi muna da Federal Low-cost da State Low-cost, muna da Tambari, Ibrahim Bako, Gida Dubu. A 'yan shekarun nan gwamnatin jiha da kamfanin Family Homes Funds sun ɗauko aikin gidaje 2,500 a faɗin jihar, mafi yawansu a Dungal da ke kan hanyar Jos. Waɗannan ayyuka sun rufa wa dubban iyalai asiri, wannan ba abin musu ba ne. Amma kusan dukkansu salo ɗaya ne: gidajen ƙasa, iri ɗaya, jere-jere, a kan fili mai faɗi a gefen gari, domin mutane masu samu iri ɗaya. Salon yana cin ƙasa ƙwarai, kuma yakan bar wanda ba shi da takardar albashi a waje.

Me ya sa nisan ya dame mu? Na farko, araha a bayan gari sau da yawa ba araha ba ce. Mai shago a kasuwar Wunti ko Muda Lawal da ya samu gida mai sauƙi a inda sai ya hau abin hawa biyu, abin da ya rage a haya zai zuba shi a kuɗin acaɓa da Keke, shi da 'ya'yansa masu zuwa makaranta. Na biyu, gyara yakan bi inda masu murya suke. Taransifoma ta lalace a unguwar da akwai darakta da lauya da ɗan jarida, kwana kaɗan an gyara. Ta lalace a unguwar da babu mai lambar kowa, sai a yi wata da watanni cikin duhu. Idan waɗannan mutane suna shan ruwan tanki ɗaya, muryar mai murya ta zama ta kowa. Na uku, mai hali ma yana da riba. Direbansa, mai gadinsa, mai koya wa 'ya'yansa karatu, mai ɗinka wa iyalinsa kaya, duk suna kusa. Yaron gidan tallafi kuma da ya tashi yana ganin maƙwabciyarsu likita tana fita aiki kowace safiya ya san cewa hanyar nan mutum ne ke bin ta.

Wasu ƙasashe sun biya kuɗin wannan darasi da tsada. A birnin St. Louis na Amurka an gina rukunin Pruitt-Igoe a tsakiyar shekarun 1950, benaye 33, kowanne hawa 11. Ba a daɗe ba ya zama na matalauta zalla, kuɗin hayar da ake tarawa ya kasa ɗaukar gyara, ginin ya lalace, a 1972 aka fara rushe shi. Biyana, babban birnin Ostiriya, ta bi wata hanya. Hukumar birnin na da gidajen haya kimanin 220,000, kuma an ɗaga iyakar samun mai neman shiga yadda masu matsakaicin hali ma sun cancanta, ba a kuma korar mutum don albashinsa ya ƙaru. Shi ya sa adireshin mutum a can ba ya tona aljihunsa. Faransa ta yi doka a 2000 da ta wajabta wa garuruwa da yawa su sa gidajen tallafi su kai kashi 20 cikin ɗari na gidajensu, a 2013 aka ɗaga zuwa 25, garin da ya ƙi kuma a ci shi tara. A nahiyarmu, Johannesburg ta kafa ƙa'ida a 2019 cewa sabon ginin da ya kai gida 20 ya ware kashi 30 cikin ɗari ga masu ƙaramin ƙarfi.

Sai dai haɗa mutane a takarda daban, haɗa su a zane daban. A Landan da New York an ga benayen da aka yi wa ƙofa biyu: ta gaba mai ƙyalli domin masu kuɗi, ta lungu kusa da wurin shara domin 'yan rangwame. Jama'a suka yi ca, har New York ta hana hakan a 2015 ga gine-ginen da ke cin moriyar sassaucin haraji. Wannan ne ƙa'ida ta farko da za mu riƙe. Ƙofar shiga ɗaya, matakala ɗaya, filin wasan yara ɗaya. Fenti da taga da ƙofar fulat su zama iri ɗaya daga waje, yadda baƙo ba zai iya nuna yatsa ya ce wancan na talakawa ne ba. Mai kuɗi ya sa tayil mai tsada a cikin ɗakinsa, wannan ruwansa. Kuma kada a tara gidajen tallafi duka a gefen da rana ke duka ko kusa da sokawe. A warwatsa su cikin sauran.

Daga nan sai abin da ya fi shafarmu, wato yadda Bahaushe da maƙwabtansa ke zaman gida. Yawancin zanen fulat da ake kwafowa an yi shi ne domin miji da mata da 'ya'ya biyu masu girki da gas. Mu kuwa gidanmu akwai kaka, akwai ƙanwar matar gida, akwai baƙon da ya zo jinya asibitin koyarwa ya kwana goma. Babban abin da ke sa mutanenmu ƙin bene shi ne sirri. Mace na son ta fito tsakar gida ta yi wanki, ta yi shanya, ta sha iska ba tare da idon namijin da ba muharraminta ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma zane na iya maganinta. A yi wa kowane fulat baranda mai faɗi ta baya, a kewaye ta da bulo mai huda wanda iska ke ratsawa amma ido ba ya ratsawa, ta zama ƙaramar tsakar gida. A yi falon baƙi kusa da ƙofa, da banɗakinsa, ya tsaya a matsayin zaure, yadda baƙo namiji ba zai ratsa cikin iyali ba. Kada ƙofar wani ta kalli ƙofar wani kai tsaye, kada tagar sama ta leƙa tsakar gidan maƙwabcin da ke ƙasa. Malamanmu ba su bar wannan ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya hana buɗe tagar da za ta tona maƙwabci ko ƙofar da ke fuskantar tasa, har ya yi bayanin wanda gyara ya hau kansa idan mai ƙasa daban ne, mai sama daban. Maƙwabtanmu Kirista da muke zaune tare a Yelwa da sauran unguwanni su ma suna son iyalinsu cikin sutura, don haka zanen zai yi wa kowa.

Madafa ma abin dubawa ce. Iyalin da ke gidan tallafi ba kullum za su iya cika tukunyar gas ba. Idan ba a tanadi wurin gawayi mai mafitar hayaƙi ba, za a hura shi a kan matakala, hayaƙi ya cika gini, rigima ta tashi. Daka a turmi a hawa na uku kuwa duk wanda ke ƙasa sai ya ji a kansa. Maganin shi ne a keɓe wuri a ƙasa, a bayan gini, mai rufi da katanga, domin daka da girkin biki da suna da wankin manyan kaya. Mata da yawa daga cikin gida suke sana'a, ƙuli-ƙuli, awara, ɗinki, kitso. Zanen da ya hana su wannan ya yanke musu abinci. Hawan ƙasa ta fuskar titi a yi shaguna, kuɗin hayarsu ya shiga asusun gyaran gini. Sauran fulat na ƙasa a fifita tsofaffi da naƙasassu, a yi musu gangara maimakon matakala.

Tsayi kada ya wuce hawa uku ko huɗu. Abin da ya haura haka sai da na'urar hawa, ita kuwa ba ta da amfani a inda wuta ke zuwa tana tafiya. Zafin Maris da Afrilu ma a yi lissafinsa tun a takarda: tagogi ta fuska biyu don iska ta ratsa, silin mai tsayi, rufin da ba ya tara zafi, itatuwa a haraba.

Ruwa kuwa shi ne ran bene. A gidan ƙasa idan famfo ya ɗauke sai a kira mai ruwa ya turo kura. A hawa na huɗu wa zai hau da jarka goma kowace rana? Ruwan madatsar Gubi ba ya isa ko'ina a kowane lokaci, saboda haka benen da ba a yi masa rijiyar burtsatse da babban tanki da injin tura ruwa mai aiki da hasken rana ba, an gina wahala ne. Wutar lantarki kuma kowane fulat da mitarsa. Duk wanda ya zauna gidan haya ya san irin gabar da takardar wuta ta haɗaka ke haifarwa, wannan ya ce wancan na da firji, wancan ya ce wannan na da dutsen guga.

Akwai abin da ya fi zane wuya, shi ne kula da gini bayan an tare. Injin ruwa zai lalace, sokawe zai cika, rufi zai yi yoyo, mai shara da mai gadi na jiran albashi. Ana bukatar kuɗin kula da gini da kowa zai riƙa zubawa, kamar adashi, a asusun da kowa ke ganin shigarsa da fitarsa. A nan ne benen haɗaka ya fi saurin karyewa. Idan masu hali suka ce a sa abubuwan ƙawa aka raba kuɗin daidai, an kori mai ƙaramin ƙarfi ba tare da an ce masa fita ba. Adalci shi ne a raba gwargwadon girman fulat, a tsaya kan abin da ya zama dole, kason gidajen tallafi kuma hukumar da ta mallake su ta ɗauki mafi yawansa. Kwamitin mazauna ya ƙunshi kowane kashi, da mata a ciki, domin su ne ke wuni a gidan. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani zai zo, a kan yara, a kan ƙarar janareta, a kan akuyar da wani ya ɗaure a ƙarƙashin matakala. Abin da ake so shi ne ya tarar da rubutacciyar ƙa'ida da kowa ya sa wa hannu ranar da ya karɓi makulli, da dattijon da ake jin maganarsa.

Rabo shi ma sai an tsare shi. Mun sha ganin gidajen da aka gina da sunan talaka sun ƙare a hannun wanda ya riga ya mallaki uku, ya zuba 'yan haya. A bayyana sharuɗɗan cancanta a rediyo da Hausa, a liƙa sunayen waɗanda suka samu, inda masu nema suka fi gidaje yawa a yi ƙuri'a a bainar jama'a. Wanda ya sayi gidan rangwame a rubuta a takardarsa cewa ba zai sayar a farashin kasuwa ba sai bayan wasu shekaru, in ba haka ba tallafin mutum ɗaya ya cinye shi. Kowane fulat kuma ya samu takardar mallakarsa, a fayyace wa ke da matakala, wa ke da rufi, don kada rabon gado ya zo ya rikita gini duka.

Wani zai ce Bahaushe ba ya zaman bene. Ba kowa za a ce ya hau ba. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sha biyar da tumaki gidan ƙasa ya fi masa. Amma sabon ango, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da malamin jami'a ko na kwalejin kimiyya da fasaha da ke Gwallameji, da gwauruwa mai 'ya'ya uku, da yawansu za su zaɓi fulat mai ruwa kusa da aiki a kan gidan da ke bayan gari. Mai hali kuma da ke tsoron darajar gidansa za ta faɗi, ya duba da kyau: abin da ke karya darajar gini rashin gyara ne da rashin ƙa'ida, kuma ana samun wannan har a unguwannin masu kuɗi.

Kowannenmu na da abin yi. Ma'aikacin da ake cire wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi domin asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ya je ofishin bankin ba da lamunin gidaje na tarayya ya ga lissafinsa, ya tambayi tsarin haya har ka mallaka. Ƙungiyoyin gama kai na malamai da 'yan kasuwa da direbobi, maimakon sayen gona a yanka fulotai, su gwada haɗa kuɗi su tayar da bene ɗaya. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana ya sayi fulat biyu a irin wannan gini ya yi wakafinsu ga marayu. Magada masu tsohon gida a cikin gari su nemi shawarar mai zanen gini da injiniya mai rajista kafin su sayar, kuma kada kowa ya ɗora hawa a kan harsashin da ba a gwada ba, ko ya rage rodi da siminti, domin rayuka ne a ciki. Malamai da ɗaliban zanen gini a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa su shiga gidajen cikin gari su zauna da mata su ji bukatunsu kafin su ja layi. Mu kuma sauran jama'a, duk lokacin da aka sanar da sabon rukunin gidaje, mu tambayi wakilanmu a majalisar jiha da hukumar raya birane: a ina za a gina, nawa aka ware wa masu ƙaramin ƙarfi, wa zai raba, wa zai riƙa gyara? Mu yi waɗannan tambayoyi tun zane na kan takarda, kafin a zuba harsashi.